Fitilar duba kuɗi da idon tsufa: me ya sa jikana yake ganin hasken da ni ba na gani?

Alhaji na Babbar Kasuwa:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da tambaya ga masu ilimin da ke cikinmu, kuma ina roƙon a yi haƙuri da tsawon bayanina. A shagona akwai ƴar fitilar nan mai baƙar kwalba wadda muke sa takardar kuɗi a ƙarƙashinta domin rarrabe ta gaske da jabu, ko sefa ce ko naira. Shekaranjiya bayan magariba, mun kashe wutar shago muna shirin rufewa, sai na kunna ta domin in duba wata jikka goma da ban yarda da ita ba. Jikana ɗan shekara 9 yana tsaye kusa da ni, nan take ya kawar da kai, ya ce hasken kwalbar yana kashe masa ido. Ni kuwa, da shekara 64, abin da nake gani a jikin kwalbar bai wuce wani haske dishi-dishi ba, sai kuma wani hazo da ya rufe mini gani kamar an hura hayaƙi a ɗakin. Alamomin da ke haskawa a jikin takardar dai duka mun gan su daidai. Da na ba yayana labari, shi da aka yi wa aikin yanar ido a idon dama bara, sai ya zo shagon da kansa, ya rufe ido ɗaya ya duba, ya rufe ɗayan ya duba, ya ce da idon da aka yi wa aiki fitilar tana ci sosai da launin shunayya, da na hagu kuma kamar ma ba a kunna ta ba. Fitila ɗaya, mutum uku, gani iri huɗu. Shin ciwo ne yake tafe a idona, ko kuwa haka tsufa yake?

Malam na Lise:
Wa alaikumus salam Alhaji. Bari in fara da abin da ya shafi fannina, masu ilimin ido kuma su ɗora. Dukanmu mun san gajeren zango da matsakaicin zango a akwatin rediyo. Haske ma da zango yake tafiya, sai dai nasa ƙanƙane ne ƙwarai, ana auna shi da nanomita, wato abin da za a samu idan aka raba milimita ɗaya gida miliyan. Launukan bakan gizo a jere suke bisa tsawon zangonsu: ja yana wajen 700, shunayya kuma tana can ƙarshe wajen 400. Abin da ya gaza haka shi ne hasken da ke gaba da shunayya, wanda ake taƙaita sunansa da UV. Wani Bajamushe mai suna Yohan Ritar ne ya gano shi a 1801, lokacin da ya lura cewa wani gishirin azurfa ya fi saurin yin baƙi a gefen da ya wuce shunayya, inda ido ba ya ganin komai. An kasa shi uku. Mafi kusa da abin da muke gani shi ne UVA, daga 315 zuwa 400, sai UVB daga 280 zuwa 315, sai UVC wanda iskar sararin samaniya take tarewa kafin ya iso ƙasa.

Fitilarka tana fitar da mafi yawan haskenta a wajen 365, a tsakiyar UVA ke nan. Alamomin jikin kuɗi suna shanye wannan haske ne su mayar da shi da launin da ido ke gani, kamar yadda kunama take yin tsanwa-tsanwa idan aka haska ta da irin wannan tocila da dare. Wanda ya ga kunamar ko alamar kuɗin bai ga UV ba, ya ga abin da UV ya haifar. A fahimtata babu ɗan Adam da ke ganin wannan haske, yaro ko babba. Abin da jikanka ya gani ɗan ragowar shunayya ne da ke tsallake baƙar kwalbar, kuma idon yaro ya fi naka kaifi, shi ke nan.

Ɗalibar Likitanci:
Malam, Allah ya ƙara basira, da irin wannan bayani naku muka tashi. Amma ina neman izini in saɓa muku a jimla ɗaya, wadda kuka ce babu mai ganin wannan haske. Iyakar 400 da ake rubutawa a littafin lakwal yarjejeniya ce ta sauƙaƙa karatu, ido bai san da ita ba.

Haske kafin ya zama gani sai ya ratsa ƙofofi. Da farko akwai tantanin gaban ido mai kama da gilashi, wanda yake shanye kusan duk abin da ya gaza 295. Bayansa akwai ƴar ƙofar da ke tsakiyar baƙin ido, sai madubin cikin ido, wanda likitocinmu suke kira kiristalan, sannan can baya tantanin da ke ɗauke da ƙwayoyin gani. Waɗannan ƙwayoyi na baya suna amsa UVA sarai idan ya iso gare su. Abin da yake hana shi isa shi ne madubin, domin a cikinsa akwai wasu sinadarai masu ruwan ɗorawa da jiki ke samarwa, waɗanda aikinsu shanye hasken da ke tsakanin 300 da 400.

A nan ne shekaru suke shigowa. Madubin jariri kusan garau yake. A 1962 wasu masu bincike biyu a Amurka sun auna yadda haske ke ratsa sassan idon ɗan Adam, suka tarar cewa a madubin ƙananan yara akwai wata ƴar taga a wajen 320 wadda take barin ƙasa da kashi 10 cikin 100 na hasken ya wuce, kuma kafin mutum ya yi nisa a shekarunsa na ashirin tagar ta kusa toshewa gaba ɗaya. Ta ɓangaren da ke maƙwabtaka da shunayya ma haka abin yake, iyakar tana matsowa sannu a hankali. Yaro yana tsinkayar haske mai ƙarfi a 380 ko ƙasa da haka, mai shekara 70 kuma ko 410 ta fara yi masa wuya. Dalili shi ne madubin ba ya zubar da tsoffin ƙwayoyinsa yadda fata take yi. Sabon sashe yana hawa kan tsoho ne kamar ɓawon albasa, furotin ɗin da ke tsakiyarsa kuwa tun mutum yana cikin mahaifiyarsa aka gina shi, da shi kuma zai koma ga Allah. Shekara da shekaru waɗannan sinadarai suna manne wa furotin ɗin, madubin ya tashi daga garau zuwa ruwan ɗorawa, daga nan zuwa ruwan goro.

Hazon da Baba Alhaji ya gani ma daga madubin yake. Shi kansa madubin yana yin irin abin da kunama take yi, ya sha UV ya mayar da wani haske mai shuɗi-shuɗi a cikin ido, kuma wannan hali yana ƙaruwa da shekaru. Ke nan hayaƙin ba a ɗakin yake ba, a cikin idonsa aka kunna shi.

Malam na Lise:
Ƴata, na karɓi gyara a kan madubin da kuma hazon, domin ban taɓa kawo na biyun a raina ba. Amma ban sauka daga matsayina gaba ɗaya ba. Kin nuna cewa hasken yana iya ratsa madubin yaro, ba ki nuna cewa shi jikan Alhaji ya gani ba. Irin wannan kwalba tana da tururin sinadarin makuri a ciki, wanda yake fitar da wani haske a wajen 405, kuma wannan shunayya ce da ake gani. Tocilolin da suka cika kasuwa yanzu ma mafi yawansu 395 ne, rabin ƙafarsu tana cikin hasken da ake gani. Idan yaro ya ce fitila ta kashe masa ido, ta yaya za mu tantance wane kaso ne na 365 kuma wane ne na 405? Ido ba mudu ba ne, ko da ya san ƙima. Ina son hujjar da ta nuna an ga UV tsantsa, ba tare da gauraye ba.

Baba Majo:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta ku ban sa baki ba, amma wannan magana ta taɓo aikin da na yi shekara fiye da 30 a sashen ido kafin in yi ritaya. Malam, hujjar da kake nema tana wurin mutanen da ba su da madubi kwata-kwata. Joj Wald, wani masani Ba'amurke wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a 1967 saboda bincikensa a kan sinadaran gani, ya wallafa a 1945 cewa mutanen da aka cire wa madubi sun fi masu madubi jin haske na 365 da kusan ninki dubu, har suna karanta allon gwajin ido a ƙarƙashin hasken da shi mai gwajin ba ya ganin allon a cikinsa. Da tace haske aka yi wannan, ba da fitilar kasuwa ba. Launin da irin waɗannan mutane suke bayyanawa shi ne fari mai shuɗi-shuɗi ko fari mai shunayya-shunayya, saboda ƙwayoyin rarrabe launi iri uku da muke da su duka suna amsa wannan haske, kuma idan suka amsa tare ƙwaƙwalwa fari take karantawa, sai dai masu amsa shuɗi sun ɗan rinjaya.

Mu a nan ba sai mun je Amurka neman irin waɗannan idanu ba. Lokacin da na fara aiki, idan aka cire yana, wato madubin da ya yi gajimare, ba a sa komai a madadinsa, sai dai a ba mutum tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, wanda duk wanda ya kai shekarata ya san tsofaffi da shi. Akwai kuma masu yawo ƙauye-ƙauye da allura suna tura madubin ya faɗa cikin ido, abin da har yanzu bai ƙare ba a karkararmu, kuma na ga idanun da ya kashe da ruɓa da hawan jinin ido fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Waɗanda suka tsira da ɗan gani a cikinsu, ƙorafinsu kusan ɗaya ne. Na tuna wani dattijo manomi daga wajen Madarunfa da ya zo ya zauna a kan benci ya ja rawaninsa har kan gira, ya ce mini tun da aka yi masa abin duniya ta koma kamar an tsoma ta a ruwan bula, farar rigarsa ma shuɗiya yake ganinta, rairayin gulbi kuma da hantsi ba ya iya kallonsa. A lokacin ban san sunan Wald ba, na dai rubuta masa baƙin tabarau.

Yayan Alhaji kuwa lamarinsa daban ne kaɗan. An sa masa madubin roba, irin wanda likitan ido Harold Ridli ya fara dasawa a Landan a 1949. Na farkon ba sa tare UV, amma tun shekarun 1980 aka fara haɗa su da sinadarin da ke tarewa, yanzu kuma kusan duka haka suke. Saboda haka abin da yake gani da idon dama shunayya ce ta 400 zuwa sama wadda tsohon madubinsa ya hana shi shekara da shekaru. A wannan gaɓar Malam ne yake da gaskiya.

Tela na Bagalam:
Gafara dai manya. Ni ba ni da ilimin boko mai zurfi, amma wannan bayani ya warware mini wani abu da ya daɗe yana damuna. Maigidana da ya koya mini ɗinki, Allah ya jiƙansa, ya fi kowa sanin zare a unguwarmu, amma a ƙarshen rayuwarsa sai ya riƙa ɗaukar zare shuɗi mai duhu ya yi aiki da shi a kan baƙar shadda, ya rantse cewa baƙi ne. Ja da rawaya ba su taɓa ruɗa shi ba, tsakanin shuɗi da baƙi ne da tsakanin shuɗi da kore matsalar take, musamman da la'asar sakaliya idan haske ya ragu a rumfa. Mu yara muna dariya a ɓoye, muna warware aikin da dare don kada ya ji kunya. Tambayata ita ce, idan madubinsa ya koma ruwan goro kamar yadda aka ce, me ya sa bai taɓa cewa farin yadi ya koma masa rawaya ba? Ni idan na sa tabarau mai ruwan ɗorawa nan take nake ganin komai ya canza.

Ɗalibar Likitanci:
Yaya Tela, wannan ita ce tambayar da ta fi kowace daɗi a zauren nan. Kai ka sa tabaranka cikin daƙiƙa ɗaya, shi kuwa nasa shekara 50 aka yi ana rina masa shi kaɗan-kaɗan, ƙwaƙwalwa tana bi tana gyara ma'auninta, ta yadda abin da ta sani fari ne zai ci gaba da zama fari. Gyaran yana aiki matuƙar akwai sauran shuɗin haske da ke isa baya. A kan zare mai duhu, wanda dama ɗan shuɗin da yake mayarwa kaɗan ne, madubin ya shanye wannan kaɗan ɗin, babu abin da ya rage da za a gyara, sai zaren ya zama baƙi. Ga kuma ƙofar ido da take tsukewa da tsufa, har ana ƙiyasta cewa hasken da ke isa bayan idon mai shekara 60 bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wanda ke isa na mai shekara 20 ba, shi ya sa la'asar ta fi yi masa wuya.

Shuɗin da dattijon Baba Majo ya gani shi ne wannan gyara da ya juye. Ƙwaƙwalwa ta saba ƙara shuɗi, sai aka wayi gari an ɗauke abin da ke rage shi, ita kuma ba ta daina ƙarawa ba sai bayan makonni, wani har watanni. Mai zanen nan na Faransa, Kulod Mone, zanukansa sun rinjayi ja da ruwan ƙasa a shekarun da yana ta kama shi, da aka yi masa aiki a 1923 kuma ya yi ta kukan cewa shuɗi ya yi masa yawa. Masu cewa UV ya riƙa zanawa sun wuce abin da aka tabbatar, amma kukan shuɗin a rubuce yake.

Hajiya ta Unguwar Zariya:
Ina yi wa kowa sallama. Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. An san cewa wannan haske yana da illa, ku kuma kun nuna cewa madubin tsoho ya fi tare shi. To ashe rinewar madubin rahama ce ba cuta ba? Idan haka ne, me ya sa ake gaggawar cire shi a sa na roba? Mahaifiyata tana da shekara 78, an ce a yi mata aiki, ita kuma tana tsoro, yanzu kun ƙara mini dalilin goyon bayanta. Sannan idan tagar yara a buɗe take, jikokina da ke yini a rana suna wasa a yashi fa? Mu da muka tashi muna tallar fura da tsakar rana babu wanda ya sa mana tabarau, kuma ga mu muna gani.

Baba Majo:
Hajiya, don Allah kada ki ɗauki maganarmu ki hana Inna aiki. Rinewa daban, yana daban, ko da yake sau da yawa tare suke tafiya. Madubin da ya yi ruwan ɗorawa amma yana nan garau kamar man gyaɗa mai kyau, wannan tsufa ne kawai, babu mai taɓa shi. Yana kuwa ita ce lokacin da furotin ɗin ya dunƙule ya yi gajimare kamar farin ƙwai da ya ji wuta, haske ya daina wucewa a miƙe. Kariyar da ta hana mutum gane fuskar jikansa ba ta da sauran amfani, ga shi kuma madubin roba yana tare UV ɗin da kike tsoro. Har akwai masu ruwan ɗorawa da aka ƙera domin su kwaikwayi madubin mutum mai matsakaicin shekaru, sai dai da aka tattara binciken da aka yi a kansu ba a samu tabbacin cewa sun fi farare kare bayan ido ba, saboda haka ni ba na ba kowa shawarar ya ƙara kuɗi domin launi.

Game da cewa kun yi talla a rana kuma kuna gani, gaskiya ne, amma ki dubi layin masu jiran aikin yana a asibiti ki ga shekarunsu. Madubin yana tare hasken ne da jikinsa, kuma abin da ya sha yana barin tabo. A 1988 an wallafa binciken da aka yi a kan masunta 838 na jihar Merilan a Amurka, aka ga cewa waɗanda suka fi shan UVB a rayuwarsu sun fi kamuwa da irin yanar da ke farawa daga gefen madubi. Mu kuwa Maradi muna wajen digiri 13 da rabi ne arewa da tsakiyar duniya, rana tana bi ta kanmu kusan a miƙe mafi yawan shekara, busasshen yashi kuma yana mayar da wajen kashi 15 cikin 100 na UV zuwa fuska daga ƙasa. Rana ba ita kaɗai ba ce, ciwon sukari da taba suna da nasu kaso babba. Ga yara, ni abin da nake cewa shi ne inuwa da tsakar rana da hula mai baki. Malafar da manomanmu suke sawa tana rage abin da ke isa ido da kusan rabi, kuma ba a sayenta da tsada.

Mai Walda na Hanyar Dan Isa:
Baba Majo, ina da tambaya a kan sana'armu. Idan yaron shago ya kalli wutar walda ba gilashi, cikin dare sai ya tashi yana kuka kamar an zuba masa yashi a ido. Ni da na kai shekara 55 na ɗauka na saba, amma watan jiya na yi sakaci kuma abin ya kama ni kamar sabon shiga. Idan idon tsoho ya fi tare wannan haske, me ya sa bai tare mini ba?

Malam na Lise:
Bari in amsa wannan, Baba Majo ya gyara idan na kauce. Wutar walda tana fitar da UVB da UVC masu yawa, mafi yawansu kuma a tantanin gaban ido suke tsayawa, wani sashe na UVB ne kawai ke kai wa ga madubin. Ƙunar a waje take, shi ya sa take jin kamar yashi, kuma takan ɗauki awa 6 zuwa 12 kafin ta bayyana. Rinewar madubi tana bayan wurin da abin ya faru, saboda haka ba ta da abin da za ta yi maka, kuma ido ba ya sabawa da ƙuna. Ka riƙe gilashinka, ka kuma tilasta wa yaran.

Sannan ina komawa kan muhawarata da ƴata. Bayanin Wald ya gamsar da ni cewa bayan ido yana ganin UVA, na janye maganata ta farko. Abin da nake riƙe da shi har yanzu shi ne ko da madubi ya bar hasken ya wuce, ganin ba zai yi kyau ba. Ido yana lanƙwasa gajeren zango fiye da dogo, saboda haka shunayya tana haɗuwa ne kafin ta isa bayan ido, shi ya sa rubutun lantarki mai shuɗi a kan shaguna da dare yake yin dishi-dishi alhali ja yana fita tsaf. Da madubinmu yana barin UV ya shiga, da wannan dishi-dishi ya hau kan duk abin da muke kallo. Ƙudan zuma da tsuntsaye da yawa suna ganinsa suna amfana da shi, mu kuma an ba mu kaifin gani a madadinsa. Ina ganin tarewar tana da amfani biyu ke nan, kariya da kuma tsabtar hoto.

Ɗalibar Likitanci:
Na yarda da wannan, Malam, kuma akwai abin da ke ƙarfafa shi. A daidai tsakiyar wurin da muke karatu da shi a bayan ido babu ƙwayoyin amsa shuɗi ma sam, a kewayensa kuma akwai wani rini mai ruwan ɗorawa da jiki ke tarawa daga ganyaye irin su zogale da alayyafo da kuma gwaiduwar ƙwai, wanda shi ma shuɗi yake ragewa. Ido ya sa matata biyu ke nan a kan gajeren zango tun kafin tsufa ya ƙara tasa.

Baba Alhaji, amsar tambayarku ta farko ita ce rashin ganin hasken kwalbar a shekara 64 ba alamar ciwo ba ce. Amma idan fitilun motoci da na kabu-kabu sun fara watsuwa a idonku da dare, ko kuna ganin abu ɗaya ya zama biyu da ido ɗaya, ku je a duba, a kuma auna ƙarfin ruwan ido a lokaci guda. Ku hana jikan naku leƙa kwalbar kusa-kusa, domin shi ne wanda hasken ya fi isa bayan idonsa. Akwai kuma wani amfani da fitilar za ta yi muku. Baƙin tabarau da ba ya tare UV yana sa ƙofar ido ta buɗe alhali hasken yana wucewa, kuma duhun gilashi ba ya nuna ko yana tarewa. Ku sa tabarau tsakanin fitila da takardar kuɗi, ta yadda hasken sai ya bi ta gilashin kafin ya sauka. Idan alamomin sun mutu, gilashin yana tare wannan zango, idan sun ci gaba da haskawa, ba ya tarewa.

Alhaji na Babbar Kasuwa:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na jinkirta amsa ne domin in gwada abin da ƴata ta faɗa, tun da gani ya kori ji. Yau da safe na tara tabarau biyar, na rufe ƙofar shago, na shimfiɗa jikka goma a kan tebur. Baƙin tabarau da nake tuƙi da shi, wanda na saya da tsada kuma aka liƙa masa takardar UV400, ya kashe alamomin ƙurmus. Wani baƙi wuluk da yaron shagona ya saya a bakin tasha bai hana su haskawa ba, sai dai ya ɗan rage. Abin da ya ba ni mamaki shi ne farin tabarau na karatu da likita ya rubuta wa yayana bayan aiki, wanda babu duhu ko kaɗan a jikinsa, shi ma ya kashe su kamar na tsadar. Nawa na karatu kuwa, na gilashin gaske da na gada tun tuni, hasken ya ratsa shi kamar babu komai a wurin. Na biyar na maƙwabcina ne mai sayar da atamfa, gilashin dama ya tare, na hagu bai tare ba, ya ce ai na hagun ya taɓa fashewa aka canza masa.

Hajiya, yayana ya ce in gaya miki a kai Inna, shi nadamarsa ɗaya ita ce shekara biyu da ya ɓata yana tsoro, kuma shuɗin da aka ambata ya gan shi na kusan wata guda kafin ya daidaita. Yana so Baba Majo ya faɗa masa ko idan aka yi wa idon hagu aiki shi ma sai ya sake bi ta wannan shuɗin, ko kuwa tun da dama ta riga ta saba hagu za ta bi ta.

Baba Majo:
Ka ce wa Yaya ya sa ran ganinsa kuma. Kowane ido da nasa ma'aunin a wurin ƙwaƙwalwa, shi ya sa yanzu ma yake ganin farin bango iri biyu idan ya rufe ɗaya ya buɗe ɗaya. Wasu sukan ce na biyun bai dame su kamar na farko ba, domin sun riga sun san abin da ke tafe, kuma ba sa firgita. Ya tafi da baƙin tabaranka na tuƙi ranar da za a cire masa bandeji, tun da ka riga ka gwada shi.